Maganin Haƙorin Iya

Zuwa ga mahaifiyata, Falmata 'yar Malam Kyari, wadda mutanen Birni suka sani da Ya Falmata.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin wadda ta kamaci uwa, da roƙon Allah Ya sa kina cikin sauƙi a makwancinki, ina sanar da ke cewa mu nan Damagaram lafiya muke, sai abin da ba a rasa ba. Ruwa har yanzu sai an yi dakonsa. Gidanmu na Birni yana nan tsaye, bara aka yi masa yaɓe.

Dalilin wannan takarda, Iya, zan tona miki asiri ne, kuma a gaban jama'a, domin ba ke kaɗai za ki karanta ba. Ban ga ya dace in yi haka ba tare da na fara yi miki sallama ba.

Rabi, 'yar ƙanwata Bintu, jikarki, ta samu miji. Yaro ne mai hankali, mushe ne, wato malamin makaranta, a wata lakwal ta boko a unguwar Zango, yana koyar da 'yan ƙananan aji. An kai gaisuwa, an karɓa, saura sa rana. Sai danginsa suka tura bincike kamar yadda kowa yake yi, mai binciken kuwa ta faɗa hannun wata tsohuwa a unguwarmu, wadda ta manta sunayen jikokinta amma ba ta manta shekarar fari ba. Ta ce musu kakar yarinyar ta taɓu a cikin takabarta, har aka raba ta da 'yarta. Tun daga nan ba su ce sun fasa ba, ba su kuma dawo ba. Kin san irin wannan shirun. Rabi ta daina cin abincin kirki, uwarta kuma ta daina fita biki.

To ni na san ba ki taɓu ba. Amma ba zan iya faɗin abin da ya same ki ba sai na faɗi abin da kika ɓoye.

Kina da wata 'yar batta ta duma, baƙa wuluk saboda shafar hannu. A cikin wata tasa take zama, can ƙasan jerenki. Bayan sallar asuba, da bayan kowane cin abinci, sai ki juya fuska ga bango, ki ɗebi kaɗan da yatsu biyu ki tura ƙarƙashin leɓe. Ran da na tambaya kika ce, "Maganin haƙori ne, ba na yara ba." Na yarda. Ban taɓa tsayawa na yi tunanin cewa da waɗannan haƙoran masu ciwo kike gatsar goruba ba.

Garin taba ne da kanwa. Baba, Malam Isa, shi ne mai kawo miki. Duk Lahadi yana kai tabarmi da igiya kasuwar Mirriya, in ya dawo da yamma ba ya miƙa wa kowa hularsa sai ke, domin ƙullin yana cikin naɗinta. Yakan ce, "Haƙorin nan naki, Falmata, ya ƙi warkewa, ya ƙi fita." Ke kuma ki harare shi ki shige ɗaki. A duk duniya mutum ɗaya ya san abin da ke cikin battar nan, shi ne shi.

Ina da wajen shekara goma sha biyu lokacin da damina ta yaudare mu. Ruwa ya sauka aka yi shuka, ya ɗauke, ya sake saukowa aka sake shuka, sai ya ɗauke gaba ɗaya. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Makiyaya suka sauka a bayan gari ba dabba ko ɗaya a gabansu. Aka fara layin jar dawa ta taimako, wadda ko an daka ta an tankaɗe sai ta tsaya wa mutum a wuya. Rijiyoyin lambunan Mirriya suka ja baya, masu noman taba suka rage, amma Baba bai taɓa dawowa da hula fayau ba. Yadda yake yi, Allah masani.

A watan da ya kamata a ce ana kaka ya kwanta da zazzaɓi da tari. Bai daɗe ba. Abin da ya rage a battar ya ƙare a cikin jinyarsa.

Gwaggo Hasiya, yayarsa, ta zo daga Gaffati don ta zauna miki takaba. Ba ta taɓa haihuwa ba, mijinta ya rasu, kuma mace ce mai riƙon abu, shi ya sa a shekarar da rumbuna suka zama ɗakin ɓeraye nata yana da geron bara waccan. Tana da ra'ayi a kan komai. A kan taba ra'ayinta shi ne, "Macen da ta sa taba a baki, ƙafarta ɗaya tana bariki." Ta shimfiɗa tabarmarta a ɗakinki, daidai gindin jere, ta ce ba za ta bar matar ƙaninta ita kaɗai ba ko na ƙiftawar ido. A makonnin farko kuwa ta cika alkawari.

Mai takaba ba ta fita. Ba za ki aike ni ba, domin uwa ba ta aiken 'yarta sayen taba. Ba za ki roƙi maƙwabciya ba, domin kafin azahar Birni ta ji. Sai kika zauna.

Da farko yabo kika sha. Ba ki barci, kina kai da kawowa a tsakar gida, hannunki yana rawa, hawaye yana zuwa ba sallama. Masu zuwa ta'aziyya suna fita suna cewa ba su taɓa ganin mace mai son mijinta kamar Ya Falmata ba. Kin so shi, ban musa ba. Sai dai ba duka kukan ne nasa ba.

Daga nan yunwa ta taso miki, irin wadda ba ta dace da mai takaba ba, balle a wannan shekara. Na gan ki kina kankare ƙanzon tukunya da farce. Gwaggo ma ta gani. Sai kika fara rikicewa a salla, ki yi sallama ki tambaye ni ko raka'a nawa kika yi.

Ran sadakar bakwai malamai suna karatu a zaure, mata suna dakan 'yar gumbar da aka samu aka haɗa. Kika fito daga ɗaki ba mayafi kika daka tsawa a daina dakan nan, yana fasa miki kai. Gwaggo ta riƙe ki, kika ture ta, ta faɗa kan tulu, tulun ya fashe. Ruwan nan tun asuba na bi layi na samo shi. Karatu ya tsaya a zaure. Na tsaya ina kallon ƙasa tana shanye shi, ba na jin komai sai haushinki.

Washegari Gwaggo ta aika aka zo da wani tsoho mai magani daga wajen Dakusa. Ya dube ki ya ce iska ce ta biyo makara ta sauka a kanki. Ya zuba wani gari a ɗan kara, ya sa aka riƙe ki, ya hura miki a hanci. Kika yi atishawa har hawaye ya wanke miki fuska. Ba a jima ba kafaɗunki suka sauka, hannunki ya daina rawa, kika nemi ruwan alwala da muryarki ta da, kika yi salla daidai, kika kwanta kika yi barci. Mata suka ɗauki kabbara. Daga ran nan babu wanda ya sake shakkar cewa aljani ne, tunda ga shi an yi masa magani ya ji.

Ni ce na riƙe wa tsohon ƙwarya, kuma na ji ƙamshin garin. Ƙamshin battarki ne, ba ƙari ba ragi. Na ɗaga kai na dube ki. Ke da ba ki kallon 'yar farinki cikin ido, ran nan kika kalle ni sosai, na rufe bakina. Ba wai na gane ba ne. Na ɗauka maganin haƙori yana korar iska ma.

Ya bar ɗan ƙulli. Da ya ƙare abin ya dawo sabo. Aka aika a kira shi, aka tarar ya bi masu tafiya kudu neman abinci. Gwaggo ta ce shi ke nan, aljanin ya samu wurin zama.

Shekaru da yawa bayan kin rasu na gane abin da na gani, kuma surukinki Habu, mijina, shi ne ya nuna mini. Kin san shi da sigari tun yana yaron kamiyo, babbar motar kaya, a hanyar Agadas. Da ƙirji ya tasa shi gaba, lokotoro a asibiti ta ce masa ko ya bar ta ko ta kai shi. Ya ji tsoro ya bari rana ɗaya. Kwana biyu zuwa uku sai ga mutumin da ko akuya ba ya tsawatarwa yana zagin zakaran maƙwabta. Ya yi jifa da buta. Ya cinye sauran tuwon yara. Ya idar da sallar la'asar ya juyo yana tambayata ko raka'a nawa ya yi. Ina tsaye da ludayi a hannu, ke na gani, Iya, a cikin rigar namiji.

Na mayar da shi asibiti. Lokotoron yarinya ce, ba ta kai 'yata ta biyu ba, amma ta iya bayani. Ta ce a cikin taba akwai wani sinadari, nikotin. A cikin ƙwaƙwalwa kuma akwai wasu ƙananan gurabu da Allah Ya halitta don saƙonnin jiki da kansa, sai aka yi rashin sa'a nikotin ya dace da su daidai. In ya zauna a ciki mutum ya ji natsuwa, hankalinsa ya tattaru. In ana kawo shi kullum, ƙwaƙwalwa sai ta ƙara yawan guraben. Ran da aka yanke, duk su wayi gari ba kowa a cikinsu, kuma wannan rashin shi ne rawar hannu, da faɗa, da rashin barci, da yunwa, da kuka. Ni da na bi layin jar dawa ban sha wahalar ganewa ba. In an saba rabo a ƙofar gida masu kwano ƙaruwa suke yi, ran da buhu ya ƙare kuwa ƙofar ce za ta sha bugu.

Na tambaye ta ko ta baki ma haka take. Ta ce har ta fi wata sigarin, kuma kanwar da ake haɗawa ita ke sa sinadarin ya shiga jini da sauri. Ta ce yanzu akwai magani na mannawa a fata mai ba jiki kaɗan kaɗan har ya saba da rashi, akwai kuma ƙwaya mai zama a cikin guraben nan, ta lallashe su, ta kuma tare wurin, ko mutum ya koma ya sha ba zai ji daɗin da ya saba ba. Masana kuma suna nan suna neman wane gurbi ne na kwaɗayi, wane ne na azabar bari, don su kwantar da wanda ya kamata su ƙyale sauran. Ta ce suna sa ran irin wannan bincike zai taimaki samarin da tramol ya kama, waɗanda kullum take gani an kawo su a ɗaure.

Duk wannan na ji, na gode mata. Amma maganarta ta ƙarshe ce na taho da ita gida. Ta ce in yi haƙuri da Habu, makon farko ne mai tsanani, in an yi 'yan makonni guraben da kansu za su ragu, mutum ya dawo yadda yake. Haka kuwa aka yi. Kafin wata ya zagayo ya je ya ba maƙwabta haƙuri a kan zakaransu.

Ke kuwa, Iya, ba a makon farko aka ɗauki Bintu ba. An yi arba'in an daɗe, takaba ta yi nisa. A lokacin nan kina zura zare a allura ba tare da kin kira ni ba. In Gwaggo ta fita unguwa kina yi mini kitso, kina yi mini faɗa daidai gwargwado, har kina dariya in na kwaikwayi tafiyarta. Da an ji sallamarta a zaure sai ki koma ki fuskanci bango, a yi miki magana ki ƙi amsawa, wani lokaci ki yi ta magana ke kaɗai. A da na ɗauka ciwon ne yake zuwa yana tafiya. Bai taɓa zuwa ba sai Gwaggo tana gida.

Bintu ba ta daɗe da yaye ba. Gashinta ya yi ja, cikinta ya fito, ta daina kuka mai ƙarfi. A layinmu an riga an kai yara biyu ko uku irinta makwanci. Ni ina da abincin rana da ake ba mu a lakwal, ita ba ta da kowa sai ke. Baffanninmu na Gaffati sun riga sun aiko cewa bana kowa ya riƙe nasa har ruwa ya sauka. Gwaggo kuma ba ta yarda ko tiya ɗaya ta bar rumbunta ta shigo gari ba. Takan ce, "Mai son gerona ya zo inda yake." Da kin roƙa a matsayin mai lafiya, haƙuri za a ba ki. Amma babu dangin da za su bar marainiyar ɗan'uwansu a hannun mahaukaciya, domin duniya za ta zage su. Gwaggo da kanta ta je ta yi musu wannan magana, ta dawo da amincewarsu.

Ba ki faɗa mini ba, ni ma ban tambaya ba, kuma ban ce na san zuciyarki ba. Abin da idona ya gani na faɗa.

Da damina ta dawo kika je Gaffati ɗauko ta. Kika tarar da ita ta yi ɓulɓul, tana kiran Gwaggo Inna, ta ɓuya a bayan zanenta da ta gan ki. Ba a ƙwace ɗa daga hannun gwaggonsa, balle wadda ake cewa tana da iska. Kika dawo da ƙwaryar gero a ka. Ba ki sake aure ba, babu ma wanda ya nema. Yaran unguwa suna kwatance da gidanmu su ce gidan mai iska. Taba kuwa ba ki sake sa ta a baki ba har kika koma ga Allah, sai dai goro, wanda kika ci na mutum uku.

Kafin in rubuta wannan na je na samu Bintu, domin ita ce mai haƙƙi. Na fara mata da batta da mai maganin Dakusa, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce yanzu a kan taba ake neman hana 'yarta aure. Da na kai ga cewa lafiyarki lau ran da aka tafi da ita, dariyar ta tsaya. Ta ce, "Da kin bar mini haukan, Yaya. Shi kaɗai ne uzurin da nake ba ta."

Ban yi mata wa'azi ba. Na faɗa mata abin da ke cikin gidan ran nan, wato dusa a ƙasan tukunya da ɗan garin rogo da bai cika tafi ba, wanda kika jiƙa kika ɗura mata kafin a goya ta. Na fara neman takalmina.

Sai ta tambaye ni ko kin raka su. Na ce takaba ba ta bar ki kin taka waje ba. Kin bi su har bakin zaure, kika tsaya yatsun ƙafarki a kan dokin ƙofa. Gwaggo ta sha kwana da ita a baya, ke kina tsaye. Aka kira azahar kina tsaye. Rana ta zagayo ta shigo zauren ta same ki, na kawo miki inuwa da faifai ba ki san na yi ba. Sai da la'asar ƙafafunki suka gaza, kika zauna a wurin.

Bintu ta goge fuska da gefen mayafi. Ta ce, "To rubuta. Ki sa har da sunana."

Shi ne na rubuta, Iya. Yanzu Birni da Zango za su san matar Malam Isa mai tabarmi tana cin taba, abin da kika gwammace a kira ki mahaukaciya da a sani. Za su kuma san babu hauka a jinin Rabi. Ko dangin yaron nan su dawo ko kada su dawo, wannan kuma tsakaninsu da Allah, amma ba za su ce ba a faɗa musu ba. Na yi kewarki, kuma tun da na fara wannan takarda nake jin kunyarki kamar kina zaune a gefena. Ki yafe mini.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya shayar da ke daga tafkin da ba ya ƙafewa. Allah Ya jiƙan Baba, Ya jiƙan Gwaggo Hasiya, wadda geronta ya raya mana Bintu. Allah Ya sassauta wa duk wanda yake fama da barin abin da jikinsa ya saba, Ya ba shi mutanen da za su gane abin da ke damunsa. Allah Ya zaɓa wa Rabi abin da ya fi alheri. Amin.

Bintu ta ce in gaishe ki. Tun da Allah Ya yi ta, yau ne ta fara ba ni wannan saƙo.

Wassalam. 'Yarki,
Yagana
Birni, Damagaram